Ajiyar Suna a Masaukin Sabha

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata, Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya a cikin jirgi, zuciyarki ta ɗan sauka. Allah Ya kai ki Yamai lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masauki, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa. Na ce wa uwarki ta sa takardar a ƙarƙashin ledar dabino, don na san halinki, ba za ki kai Tarabulus ba sai kin buɗe ledar nan.

Ina rubutun ne a zaure da hantsi, mutanen gida duk sun fita neman aiki. Ki yi haƙuri da rubutuna, bokon yaƙi da jahilci ne, ba irin naku na jami'a ba. A filin jirgi zan raɗa miki wata magana a kunne, za ki dube ni kamar na zautu. Kada ki damu, ki karanta har ƙarshe za ki gane.

Yau kwana tara ke nan gaisuwarki ta koma ta tsaye. "Ina kwana, Baba," kin wuce. Na san dalili. Kin zo kin durƙusa kin ce digirinki na biyu a kan tsaron iyaka ne da zirga-zirgar mutane tsakanin Nijar da Libiya, kina so in ba ki izini ki zauna da baƙin masaukinmu, ki rubuta sunayensu da garuruwansu da hanyar da suka biyo. Na ce a'a, na tashi na shige. Daga baya na ji kina ce wa uwarki, "Baba ya buɗe wa Turawa ƙofa, ya rufe wa 'yarsa." Wallahi maganar nan ta soke ni, kuma ta soke ni ne don akwai gaskiya a cikinta. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in gaya miki abin da ubanki ya aikata da bakinsa.

Kina 'yar shekara goma sha biyu aka buɗe ƙofar ƙasar nan ga baƙar fata. Ba za ki tuna yadda abin yake a ranmu ba. Rediyo tun safe Afirka, Afirka. An kafa taswirar Afirka a kowane shataletale. Ɗan sandan da jiya yake fizge maka takarda, yau yana ce maka ɗan'uwa. Mutane suka yi ta kwararowa, na Damagaram, na Tawa, Kanawa, Katsinawa, har da 'yan Gana masu Hausar kasuwa. Masaukinmu ya cika har ana shimfiɗa a kan rufi. A bayansu kuma sai ga masu tambaya: ɗalibai, masu bincike, kowa da littafinsa a hammata. Da yake ina jin Larabci, ina kuma da ɗan Faransancina na tasha, sai aka riƙa kawo mini su in yi tafinta. Kai, na ji daɗin kaina a lokacin nan. Har sabuwar hula na saya.

Kuskurena na farko a nan ya faro. Na lura da wani abu game da biron masu bincike. In mutum ya ce, "Cin rani na zo, in samu na sayen shanun huɗa in koma kafin shuka," sai biro ya kwanta, mai biron ya yi hamma. Amma da wani ya ambaci teku, ko jirgin ruwa, ko Italiya, sai ki ga biro na gudu kamar an kora shi. Ni kuma baƙo ne a gabana, ina so ya tafi da fara'a. Sai na fara ƙara gishiri. Mutumin Tasawa ya yi maganar shanu, ni in juya ta da teku a ciki. Ban ɗauke ta ƙarya ba a lokacin, na ɗauka karamci ne, kamar yadda ake ƙara wa baƙo nama a miya. Akwai masu nufin tekun da gaske, ban musa ba, amma yawancin waɗanda suka kwana a gidana hankalinsu yana kudu, wurin gona da iyali.

Kin tuna bara da kika zo da wani littafi daga ɗakin karatu na jami'a, ranki a ɓace? Kika karanta mini inda aka ce mu baƙin Sabha duk jira muke mu tsallaka Turai. Kika ce, "Baba, wa ya gaya musu wannan ƙaryar?" Na ce, "Oho," na kurɓi shayina. To ni ne, Uwata. Ba ni kaɗai ba, amma da hannuna a ciki dumu-dumu. Kuma irin wannan rubutu ba ya tsayawa a jami'a. Manya suna karanta shi a ofis, su yanke shawara a kansa, sai ki ga an ƙara shinge a hanyar da talaka ke bi ya je ya ciyar da 'ya'yansa.

Saboda haka ki sani, duk wanda kike yi wa tambaya yana kallon bironki fiye da yadda yake kallon fuskarki. In ya ga abin da ke sa ki rubutu, zai ƙaro miki shi, ba don mugunta ba, don kunya da son faranta rai. Ki rubuta maganar shanu da irin saurin da za ki rubuta maganar teku. Mutumin da ya fi kowa saurin amsa, mai sabuwar hula irina, ki saurare shi, amma ki je ki nemi wancan da ke can gefe yana gyaran takalmi bai ce komai ba. Kuma kada ki je wa mutane da amsar da kika ɗauko daga aji kina neman wanda zai sa mata hannu.

Wannan ƙarami ne. Ga babban.

Akwai al'adar da ba ki sani ba duk da a gidan aka haife ki, don ba a yin ta a gaban yara. Yawancin mutanen da kike gaisarwa, sunan da kike kiransu da shi ba nasu ba ne. Katin aiki wuyar samu gare shi, don haka in mutum zai koma gida sai ya bar wa sabon zuwa katinsa, sabon ya shiga cikin sunan kamar riga. Wani kuma an taɓa korarsa da sunansa na gaskiya, ya dawo da wani. To amma hamada ba ta da tabbas, aikin gini ma haka. In mutum ya mutu da sunan aro, wa za a aika wa? Shi ya sa ranar da baƙo ya sauka, bayan ya sha ruwa ya huta, sai ya ja mai masauki gefe ya raɗa masa abu uku a kunne: sunansa na yanka, sunan ubansa, da garinsu. Muna ce mata ajiya. Ba a rubuta ta. Mai masauki a ka yake riƙe ta, ba ya fito da ita sai ranar da za a kai labarin mutuwa gida. Ni na gaji masaukin nan ne daga tsohon da ya sauke ni, kuma abin da ya ce mini ranar da ya miƙa mini makulli shi ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Cikin masu binciken nan akwai wani Bature dogo da muka sa wa suna Mai Kaye, don wani kaye mai baƙin bango, littafin rubutu, da ba ya rabuwa da shi. Shi ya ba ki biro mai launi huɗu, kika hana kowa taɓawa. Mutumin kirki ne, kada ki ɗauka zan zage shi. Da hannu yake cin tuwo. Bai damu da teku ba. Shi so yake ya bi sawun mutanenmu har garuruwansu, ya ga abin da cin rani ya gina a can, ya rubuta cewa hanyar nan ta ciyar da gidaje. Ai kuwa abin da muke so a faɗa ke nan. Amma ba zai iya zuwa ba sai da sunaye na gaskiya.

Ya tambaye ni sau ɗaya, cikin ladabi, har ya ce in akwai damuwa a bari. Na ce masa, "Haba, wace damuwa? Yanzu Afirka ɗaya ce, ɓoye-ɓoye ya ƙare." Kuma har zuciyata na yarda da abin da na faɗa. Bayan la'asar muka zauna a inuwar katanga, na yi ta jero masa sunaye kamar maroƙi a gidan biki, wane ɗan wane na gari kaza, yana rubutawa. Bai tilasta ni ba, bai ba ni komai ba. Son a ce na sani ne kawai. Ban tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu sunayen ba.

A hanyarsa ta zuwa arewa, a wata bawaba, wato shingen 'yan sanda, aka karɓi kayen aka ce za a duba. Bayan kwanaki aka mayar masa, ba a yaga ko shafi ɗaya ba. Muka manta. Watanni suka wuce, sai iska ta juya, yadda takan juya a ƙasar nan ba tare da sallama ba. Rediyo na nan yana Afirka, Afirka, amma a unguwa an fara kwashe mutane.

Ranar wata Juma'a da hantsi, kowa na gida yana wanki, motar masu kaki ta tsaya a ƙofa. Aka tara mu a tsakar gida. Kowa ya fito da katinsa, hankali kwance, don katunan ba su da aibu. Sai babbansu ya ciro takarda ya fara kira. Ba sunayen kati yake kira ba, Uwata. Sunayen gida yake kira, wane ɗan wane. Ba wanda ya amsa. Amma mutum in ya yi shekaru bai ji sunan da uwarsa ke kiransa da shi ba, sai kwatsam ya ji shi a bakin wani, kansa da kansa yake ɗagowa. Kawunan da suka ɗago su aka nuna da sanda, aka zuba masu su a mota aka tafi da su.

Kawunki Sale yana cikinsu. E, Kawu Sale ɗin nan na gonar Samnu, wanda dabinonsa ke cinyarki yanzu. An taɓa korarsa tun da daɗewa, sunansa na gaskiya yana cikin littafinsu. Matarsa kuwa ko arba'in ba ta yi ba. Da ya ɗago kai bai dubi masu kaki ba, ni ya duba. Duk Sabha mutum ɗaya ne ya san sunan nan, kuma ya san wane ne.

Aka ce miki ya tafi ganin gida. Shekara biyu matarsa tana ɗakin uwarki, ke kina goyon jaririn kina zuwa da shi har bakin makaranta. Gidan nan ya watse. Sababbin baƙi sukan sha ruwana su kwana, amma ajiyarsu sai su kai wani gida. Ba wanda ya zage ni, ko mutum ɗaya. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai Kaye ya ji labari ya aiko mini da wasiƙa, kusan kuka yake a cikinta, kuma da ya buga littafinsa bai sa sunan kowa ba. Amma magana zarar bunu ce, ɓarnar ta riga ta faru tun a hanya.

Ranar da Sale ya dawo ina zaune a wannan zauren. Ya rame har sai da na dube shi sau biyu. Ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma, ya sha ruwa. Na buɗe baki zan nemi gafara sai ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Isa, ajiyata tana nan?"

Na ce, "Tana nan, Sale."

Ya ce, "To faɗa mini in ji. Shekara biyu ba wanda ya kira ni da shi sai mai tsawa."

Na matsa na raɗa masa a kunne, sunansa, na ubansa, da garinsu. Ya rufe ido. Can ya ce, "Madalla. Riƙe da kyau wannan karon, ba ni da wani wurin ajiya." Ya tashi ya shiga ganin ɗansa. Ni kuwa na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka aiko mini uwata ta rasu. Har yau bai sake tayar da maganar ba.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga wannan. Kyakkyawar niyyarki ba za ta tsare kowa ba. Mai Kaye ya fi ki taka-tsantsan, amma littafi ba ya zaɓen mai karanta shi. Duk abin da kika rubuta, ki rubuta shi kamar gobe za a karɓe shi a bawaba. Labarin mutum ki sa a takarda, sunansa ki bar shi a kanki, in kan ya cika ki bar sauran su tafi. Suna na mai shi ne, ba na mai masauki ba, ba na malaminki ba, ba kuma na digiri ba. Sannan ki lura da wannan, don shi ya fi ɓoyuwa: ke 'yar maigida ce. In kika tambayi baƙon da ke kwana a ɗakin ubanki, a gaban ubanki, zai ce "to" ko da ransa ba ya so. Wannan "to" ɗin ba izini ba ne. Ki tambaye shi inda zai iya ce miki a'a ya kwana lafiya.

Kuma tunda karatunki na tsaro ne, duk inda kika ji kalmar ki tambaya a ranki, tsaron wa? Masu kakin da suka zo ranar Juma'ar nan su ma tsaro suka ce suna yi. Ajiyar da muke yi a kunne ita ma tsaro ce, kuma ban taɓa jin an sa ta a littafi ba.

Saura ɗaya, shi ne wanda ya taɓa ki. Bayan abin nan na rantse ba mai littafin da zai sake taka zaurena. Shekaru kaɗan sai ga wata mata daga wata jami'a ta Najeriya, Bahaushiya, da mayafinta da ladabinta. Kwana uku tana zuwa tana zama a dakalin ƙofa. Ta ce ba ta son sunan kowa, so take ta ji yadda muke sasanta rigima tsakaninmu ba tare da an kai ga hukuma ba. Na ce mata, "Hajiya, nan ba gidan kallo ba ne." Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Malam, Allah Ya huci zuciyarka. Amma in kun yi shiru, waɗanda ba su taɓa shan ruwanku ba su za su ba da labarinku." Na yi tsaki na rufe ƙofa. Gaskiya ta faɗa mini, kuma littafin da kika karanta mini bara shaida ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yi ta gudun tsumma ina kiransa hikima, har na wayi gari na rufe wa 'yar cikina ƙofa. Ke ma za ki yi kuskure a aikin nan, babu makawa. In kin yi, ki je ki zauna a gaban wanda kika cuta, ki gyara abin da zai gyaru, ki koma bakin aiki. Kada ki yi irin zaman da na yi.

Kada ki ce tsohon nan ya cire rai da zancen haɗin kan Afirka. Ban cire ba. Na dai gane cewa abin da manya ke faɗa a ɗakin taro yakan daɗe kafin ya iso bawaba, wani lokaci ma ya ɓata a hanya. Amma dubi. Ni a bayan kamyo, babbar motar kaya, na zo garin nan, a kan buhuna, leɓena a fashe. Ke ga ki a jirgi, da digirin jami'ar Sabha da kika yi tare da 'yan Cadi da 'yan Sudan. A tsakar gidana Bakano da Bazabarme da ɗan Mali suna sa hannu a kwano ɗaya tun kafin a buga taswira a shataletale. Abin da ya rage shi ne a samu masu rubutu irinki, da suka san ɗanɗanon wannan kwanon, su je su zauna inda ake yanke shawara.

Jiya na shiga motar haya na tafi Samnu, na samu Sale yana ban-ruwa. Na gaya masa abin da kika nema da abin da na ce. Ya jingina da fartanya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yarinyar da ta goya mini ɗa? Kai dai Isa ba ka da tsaka-tsaki, ko ka zubar duka ko ka hana duka. Ta zo. Amma ranar farko ta bar littafi a gida, ta zo ta taya ni tsinkar dabino." To kin ji. In kin dawo hutu ƙofa a buɗe take. Zan ɗauki butata in tafi kasuwa in wuni, ki tambayi kowa shi kaɗai. Wanda ya ce a'a, ki gode masa, ki kai masa shayi. Da ni za ki fara, labarina duka naki ne, har da wannan da na rubuta.

Yanzu maganar da na raɗa miki. Uwata, katin nan nawa ma na gado ne. Ni ne Isa na uku. Na farko ban san shi ba, na biyu wani mutumin Tanut ne mai wushirya da ya bar mini katin ya koma gida aure. Takardunki na makaranta duk a kan Isa suka tsaya, shi ya sa duk sanda kika tambaye ni sunan ƙauyenmu nake cewa sai kin girma, don yaro ba ya riƙe magana a aji. Tsohon da na ba ajiyata ya rasu, limamin da ya ɗaura mana aure ya rasu. Uwarki ce kaɗai ta rage, sai ke yau. Abu ukun nan da kika ji a kunnenki, sunana ne na yanka, da sunan ubana, da garinmu.

Kada ki rubuta su, ko a bangon littafi. In kin samu sarari ki shiga mota ki je garin. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki tsaya a ƙofar gida ki faɗi sunanki na yanka. Za su gane, sunan uwata ne, shi kaɗai ne sunan gaskiya da na fito da shi fili a garin nan. Ranar da aka ce miki Isa mai masauki ya cika, ke za ki kai labari gida. Na taɓa zubar da ajiyar mutane, aka sake ba ni amana. Ga tawa na ba ki, na kuma san za ki fi ni riƙo.

Allah Ya sauke ki lafiya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare bakinki da bironki, Ya sa kada wani ya kwana da tsoro saboda abin da kika rubuta. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya dawo mana da ke muna raye. Uwarki ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma kada ki rabar da dabinon duka a jirgi. Na yafe miki gaisuwar tsaye, ke ma ki yafe mini. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki, wanda mutanen Sabha ke kira Isa. Sauran kin sani.